Zaren da Hamdiya Ba Ta Ƙona Ba

Hoto ɗaya ne ya rage na Yelwa, mahaifiyar Hamdiya. Yana rataye a ɗakin babanta, Malam Haliru, a Tambuwal, sama da tagar da ke kallon tsakar gida. Ranar auren Yelwa aka ɗauke shi. A ciki Yelwa tana tsaye, ta ɗan sunkuyar da kai, sanye da doguwar riga ta alharini mai launin zoɓo, hannayen rigar masu faɗi, gindinta yana sharar ƙasa. Hamdiya tana da shekara uku Allah ya yi wa mahaifiyar rasuwa. Ba ta riƙe muryarta ba, ba ta riƙe ƙamshinta ba. Idan ta rufe ido tana son ganin uwarta, rigar ce take fara zuwa, fuskar ta biyo daga baya.

Da aka sa ranar aurenta da Mu'awiya, wani mai duba lafiyar dabbobi a Kebbe da suka san juna tun suna karatu a Sakkwato, ƙawayenta suka yi ta turo mata hotunan rigunan amare a waya. Ta duba duka, ta gode. Sannan ta ce ita rigar uwarta za ta sa.

Rigar tana Kebbe, a hannun Inna Tambaya, yayar mahaifiyarta. Wata Asabar a farkon damina Hamdiya ta hau mota, daga baya ta hau babur na kabu-kabu, suka yi ta kauce wa ramukan da ruwan farko ya cika. Ta tarar da tsohuwar zaune a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Idanun Inna Tambaya sun yi yana shekaru da dama, ba ta ganin komai sai inuwa, amma kunnenta da hancinta ba abin da ke wuce su.

"Takun wa nika ji? Hamdiya?"

"Ni ce, Inna. Ina wuni?"

"Amaryar likitan shanu! Matso in taɓa, in ji ko ya fara yi miki allurar ƙiba."

Hamdiya ta yi dariya ta durƙusa, tsohuwar ta shafa kumatunta da kafaɗunta, ta ce har yanzu ƙashi ne, dole a yi wa Mu'awiya magana. Bayan an ci abinci an yi sallah, Hamdiya ta faɗi abin da ya kawo ta. Inna Tambaya ta sa aka jawo mata adaka daga ƙarƙashin gado, ta buɗe da ɗan mabuɗin da ke ɗaure a bakin zanenta.

Rigar tana naɗe cikin wani tsohon zane, an barbaɗa mata kanumfari don ƙwari. Launinta bai tafi ba. Amma da Hamdiya ta ɗaga ta, sai ta ga duk inda ninki ya daɗe ya tsage, a kafaɗa, a ƙirji, da tsawon baya. Ko da ba haka ba, Yelwa gajeriya ce, ɗiyar kuwa doguwa.

"Ba ta sawuwa, ɗiyata," in ji Inna Tambaya. "Kakanki ya zo da yadin daga Makka tun ba a haifi uwarki ba. Ta yi aikinta. Ki ɗauki hotonta da wayar nan taku, ki nemi yadi irin shi, tela ya ɗinka miki. Ita wagga ni za ni kawo ta da hannuna ranar, a ɗora miki a ka don albarka."

"To yaya zan gane alharini a kasuwa, Inna?"

"Kawo ashana."

Tsohuwar ta laluba cikin rigar, ta zaro zare ɗaya daga bakin ɗinki, ta miƙa wa Hamdiya ta ce ta sa masa wuta. Zaren ya ɗan kama, ya nannaɗe, ya mutu da kansa tun kafin wutar ta kai yatsa.

"Shinshina."

"Kamar babbakar kan rago ranar Sallah."

"To murza."

Hamdiya ta murza, ya zama toka mai laushi a yatsunta.

"Kin gani? Alharini ɗan uwan gashi ne. Wuta tana lasar shi ta bari. Kafin ki saya, ki zaro zare ki ƙona a gaban mai shagon. In ya hana ki, ki kama gabanki."

Hamdiya ta jefa ashanar a jakarta. A ranta ta ɗauki wannan a matsayin dabarar tsofaffi ta guje wa cutar 'yan kasuwa, ba ta kai tunaninta gaba da nan ba.

Ranar kasuwar Tambuwal ta zaga rumfunan masu yadi duka. Daga baya ta sa aka duba mata a Sakkwato, aka dawo ba labari. A ƙarshe ta koma wurin Ɗangiwa, wanda ya fi kowa daɗewa yana sayar da yadi a garin. Ya karɓi wayar ya kalli hoton ya girgiza kai.

"Malama, ni ba ni yi miki ƙarya. Irin wanga rabona da shi tun ina zama rumfar babana. Ba a kawo shi yanzu." Ya miƙa hannu sama ya sauko da wani bandir. "Amma ga siliki na kamfani, kwaikwayon alharini. Dubi launin. Dubi yadda shika zuba. In kin tsaya gaban mai hoto, ba mahaluƙin da zai rarrabe."

Gaskiya ya faɗa. Launin zoɓo ne sak, har ya fi na rigar sheƙi. Hamdiya ta ɗora shi a hannunta, ta ji shi da sanyi da santsi kamar bayan kifi. Ashanar tana cikin jakarta. Ba ta ga amfanin fito da ita ba, tunda mutumin bai ɓoye mata komai ba. Ta sa ya yanka mata, har da na mayafi.

Da yamma Khairiyya ta zo, ƙawarta tun firamare kuma babbar ƙawar amarya. Ta warware yadin a kan gado ta dafe ƙirji.

"Ke! Kin samu? Alharinin ne?"

Hamdiya ta kalli yadin, ta tuna ranakun da ta yi tana gaya wa kowa cewa rigar uwarta za ta maimaita.

"Eh," ta ce.

Ƙaramar kalma ce, kuma ba ta yi niyyar ta wuce ɗakin ba. Amma Khairiyya ba ta iya riƙe abin daɗi. Kafin mako ya zagayo, malaman makarantar da Hamdiya ke koyarwa sun ji, matan unguwa sun ji, har ƙannen Mu'awiya a Kebbe sun aiko suna cewa su dai alharinin za su zo gani, ba amarya ba.

Labarin ya kai kunnen Gwaggo Batula. Ita ƙanwar Malam Haliru ce, ita ta yaye Hamdiya ta rene ta bayan rasuwar Yelwa, kuma ita ce mai gyaran amare a unguwarsu fiye da shekara talatin. Dilka, lalle, humra, duk a hannunta ake yi. Abin da ta fi shahara da shi shi ne turaren ƙarshe, wanda ake yi wa amarya gab da za a fita da ita. A da, amarya takan gama shiri tsaf, ta tsaya a kan kasko, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, a saki rigarta har ƙasa ta rufe kaskon ruf, hayaƙin ya hau ta ciki ya kama fata da tufa a lokaci guda. Wadda aka yi wa haka, sai ta yi kwana bakwai ƙamshin bai bar ta ba.

Tun da kayan zamani suka shigo, Gwaggo Batula ta daina. Leshi da net da sauran masu walƙiya, a kan kabbasa take shimfiɗa su, wato kwandon nan mai tsawo da ake kifawa a kan kasko, wutar tana can ƙasa nesa da tufa. Amaryar kuma a turara ta daban cikin zanen auduga. Ba wadda ta taɓa ƙonewa a hannunta, kuma tana alfahari da hakan.

Ta shigo ɗakin Hamdiya ba sallama, abin da ba ta saba ba.

"Anka ce kin samu alharini. Na gaskiya?"

"Eh, Gwaggo."

"Na gaskiya nika tambaya, irin na uwarki?"

"Irin shi."

Gwaggo Batula ta zauna a bakin gado, idanunta suka kawo ruwa. "Alhamdu lillahi. Yelwa ce amarya ta farko da na tsayar kan kasko, ina yarinya. To ke ma haka za ni yi miki, cikin rigarki. Kin ga na fara da uwa, in rufe da ɗiya. Bayanki na aje aikin ga, gwiwoyina sun gaji."

Hamdiya ta ji daɗi har cikin ranta. A lokacin ba ta ga wata matsala ba. Hayaƙi ne dai, ta sha shiga cikinsa.

Saura kwana tara biki ta je karɓar ɗinki wurin Namadi tela. Ya yi aikin da ya dace da sunansa. Ya fitar da wuyan kamar na hoton, ya buɗe hannayen, ya bar gindin da faɗin da mutum biyu za su iya shiga. Ta sa a bayan labule, ta fito ta tsaya gaban madubi. Wadda ta gani a ciki ta sa ta dafa bango. Sai ranar ta san tana kama da uwarta.

"Sai dai abu ɗaya, Malama," in ji Namadi. "Kada ki bari kowa ya kai mata dutsen guga. Rigarki ta kusa cinye min nawa."

Ya ɗauko dutsen ya juya mata ƙasansa. Wani baƙin abu ya manne a jiki, ya bushe ya yi ƙyalli.

"Ƙyalle ne ɗan ƙarami na gwada. Ko taɓawa ban gama ba ya narke. Kwana biyu nika kankara da wuƙa." Ya yi dariya. "Wanga yadi da ledar kasuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ko mai sigari kin gani ki sauya hanya."

Hamdiya ta kai yatsa ta taɓa baƙin abin. Ya yi tauri kamar dutse. Ta yi ƙoƙarin ɓamɓare shi da farce, bai motsa ba.

"In ya taɓa fata fa?"

"Allah shi kiyaye. Shi ba ci shika yi ya wuce ba, manne wa shika yi yana ci."

Ta naɗe rigar ta fito. A hanya ta wuce mai gasa masara, ta lura ta matsa can ɗaya gefen titi ba tare da ta yi shawara ba.

Kwana tara lokaci ne mai yawa ga wanda zai faɗi magana ɗaya. Hamdiya ta shirya maganar a bakinta sau da yawa. Ranar da aka fara yi mata dilka, tana zaune Gwaggo Batula tana murza mata baya, ta ce a hankali, "Gwaggo, da ba a sa rigar a kabbasa ba? Kada hayaƙi ya ɓata launin."

Hannun gwaggon ya tsaya.

"Ni za ki koya wa alharini? Ta uwarki ta ɓaci?" Ta ci gaba da murzawa, amma muryarta ta sauka. "In dai ba ki so in yi miki, ki faɗa. Na san 'yan boko ba ku son kayanmu na da."

"A'a, Gwaggo, ina so."

Ba ta sake tayar da zancen ba. Ta riƙa lallashin kanta da lissafi irin na mai hankali. Kaskon gajere ne. Gwaggo ba ta taɓa tsayar da kowa a kan jan garwashi ba, sai ya lulluɓe da toka. Rigar tana da faɗi, za ta riƙe ta ta ciki da gwiwoyinta, ta nisanta ta da wutar. Abin da bai fi a karanta Fatiha sau biyar ba, an gama.

Ana jibi ɗaurin aure, tana wucewa ta madafa, wata daga cikin masu aikin abinci ta jefa ledar maggi a murhu. Hamdiya ta tsaya tana kallo. Ledar ta tattare, ta kama da wata irin wuta mai sauri, ta riƙa ɗiga a kan dutsen murhu, kowane ɗigo yana ci da wutarsa. Warin ya bi ta har ɗaki.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Tun azahar gabas ta fara haɗa hadari. Motoci biyu suka zo daga Kebbe ɗaukar amarya, direbobin suka ce da la'asar za a tashi, don akwai wani kwari a hanya da idan ruwa ya sauka mota ba ta ƙetare shi sai ya janye. A mota ta biyu Inna Tambaya ta zo, an riƙo hannunta, ƙullin tsohuwar rigar yana ƙarƙashin hammatarta. Aka zaunar da ita a kan tabarma cikin ɗakin da za a yi turare, kusa da ƙofa, ta ɗora ƙullin a cinya ta kwance bakinsa.

Da Hamdiya ta fito daga uwar ɗaka cikin rigar, guɗa ta tashi. Ƙannen ango suka ɗaga wayoyi. Wata tsohuwa ta kama baki ta ce, "Yelwa ta dawo." Malam Haliru ya leƙo daga tsakar gida, ya kalli 'yarsa sau ɗaya, ya juya ya koma zaure da sauri.

"Ina amaryar?" in ji Inna Tambaya. "Matso in taɓa alharinin ga da anka cika min kunne da shi."

Hamdiya ta san yatsun nan ba sa kuskure. Ta tsaya inda take, taku huɗu daga tabarmar.

"Inna, lallen hannuna ake gyarawa, ina zuwa."

"Lalle a hannu ya hana ƙafa tafiya?"

Mata suka yi dariya. A waje direba ya danna oda sau biyu, ya ɗaga murya yana cewa hadari ya taso. Gwaggo Batula ta shigo da kasko riƙe da tsumma.

"Yaya Tambaya, ki taɓa bayan an gama, kya ji da ƙamshin gaba ɗaya. Ku ba ni wuri."

Ta ajiye kaskon a tsakiyar ɗaki. Hamdiya ta kalle shi. Garwashin ja ne wur, yanzu aka kwaso shi daga murhu, ko alamar toka babu. Gwaggon ma ta kalle shi, ta kalli ƙofa inda hasken rana ya riga ya dushe.

"Da wata riga ce da mun jira," ta ce. "Alharini ba ruwanshi."

Ta buɗe kwalbar da ta daɗe tana ɓoyo, ta damƙo turaren, itacen da aka soya da sukari da mai har ya yi danƙo, ta zuba da yawa. Hayaƙi ya miƙe fari, mai kauri.

"Bismillah. Taho, ɗiyata."

Hamdiya ta duba ɗakin. Khairiyya tana murmushi da waya a hannu. Ƙannen Mu'awiya uku suna jere a jikin bango. Matan unguwa sun cika ƙofa har waje. Ta ɗaga rigar zuwa gwiwa, ta tako, ta raba ƙafafunta a kan kaskon. Zafin ya doki cinyoyinta nan take. Gwaggo Batula ta durƙusa da ƙyar, ta janye rigar daga hannunta, ta sauke ta, ta bi gindin tana jan sa tana daidaitawa har ya kwanta a ƙasa ta kowane gefe.

"Kada ki motsa. Uwarki ko ƙyafta ido ba ta yi ba."

Hayaƙin ya fara fita ta wuyan rigar da hannayenta. Hamdiya ta tura gwiwoyinta waje yadda ta tsara. Ta fara Fatiha a zuci. Ta gama ta farko. A ƙarƙashinta tana jin turaren yana tsatsa, yana ɗan fashewa. Ta gama ta biyu. A tsakar gida wani kwano ya faɗi ya gangara, ganyen darbejiya suka fara kaɗawa, wata mata ta ce a kwashe shanya.

"Gwaggo," ta ce. Gwaggon ba ta ji ba. Ta sake cewa, "Gwaggo, ba alharini ba ne."

"Mi kinka ce?"

Iskar da ke gaban ruwa ta shigo ta ƙofa, ta ɗaga labule har sama, ta tura bayan rigar ciki.

Inna Tambaya ce ta fara sani. Ta ɗaga hanci ta ce da ƙarfi, "Wa ya sa leda a wuta?" Kafin kowa ya amsa, ta gane daga inda warin yake. "Ku fid da ta! Ku fid da yarinyar!"

Wutar ta fito ta bayan rigar, daga ƙasa, tana hawa da gudu. Hamdiya ta yi ƙara ta yi tsalle gaba, kaskon ya kife. Matan da ke ƙofa suka yi baya suna salati suna tattake juna. Gwaggo Batula ta kai hannu biyu tana bugun wutar, abin ya manne mata a tafi, ta ci gaba da bugu. Hamdiya ta nufi ƙofa, ta yi tuntuɓe da ƙafar Inna Tambaya ta faɗi a kan tabarmar.

Tsohuwar ba ta ganin wutar, amma tana jin zafinta. Ta warware rigar Yelwa daga cinyarta, ta kifa ta a kan ƙafafun Hamdiya, ta bi ta danne da ƙirjinta da hannayenta, tana kiran sunan Allah. Hayaƙi baƙi ya fito ta gefe. Ta ƙara dannawa. Ba ta ɗaga ba sai da Khairiyya ta shigo da bokiti.

"Zuba, ki yi ta zubawa," in ji Inna Tambaya tana haki. "Kada wadda ta ja abin da ya manne. Ku bar wa likita."

Sannan ruwan sama ya sauko. Motar da aka yi wa ado don kai amarya Kebbe ita ta kai ta asibiti, ita da gwaggonta, Mu'awiya yana biye a kan babur cikin ruwan ba hula.

Wutar ta ci bayan ƙafarta ta hagu daga dunduniya zuwa bayan gwiwa, ta taɓa ta dama kaɗan. Likita ya ce da ta ƙara hawa taki ɗaya, da maganar ta zama wata. Hamdiya ta yi kwana ashirin da uku a kwance. Gwaggo Batula tana gadon da ke kusa da nata kwana shida na farko, hannayenta biyu a naɗe, ana ba ta abinci a baki. Ba ta yi faɗa ba. Sau ɗaya kawai, da rana, bayan masu dubiya sun fita, ta juyo ta ce, "Sau biyu na tambaye ki." Hamdiya ta ce, "Na sani, Gwaggo." Gwaggon ta mai da fuskarta bango. Yatsunta biyu na dama ba su sake lanƙwasuwa sosai ba, kuma kamar yadda ta faɗa, ba ta sake gyara wata amarya ba.

An kai Hamdiya ɗakinta ana gab da girbin gero, cikin atamfa, da mota ɗaya, ba guɗa mai yawa. Tana tafiya tana ɗan jan ƙafa.

Bayan ta yi sati biyu a Kebbe, Mu'awiya ya ɗauke ta a babur ya kai ta gaida Inna Tambaya, ya ce zai duba wata saniya a bayan gari ya dawo. Ta tarar da tsohuwar a bakin ɗaki, rigar Yelwa a shimfiɗe a cinyarta. Gaban rigar ya ƙone, ramin ya fi faɗin faifai, gefensa ya yi baƙi.

"Amaryar likitan shanu. Zauna. Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, Inna." Ta zauna, ta daɗe tana kallon ramin. "Inna, ki yafe min. Ita kaɗai ta rage."

"Ba ni hannunki."

Ta kama yatsan Hamdiya ta bi da shi gefen ƙunar. Inda yatsan ya taɓa, alharinin yana marmashewa ya zama toka mai laushi. Sai yatsan ya ci karo da wani abu mai tauri, ƙanana, a jere, kamar tsakuwa.

"Wanga na uwarki ne," in ji Inna Tambaya, tana kaɗe tokar. "Waɗanga kuwa ba nata ba ne. Tun da na dawo nika cire su, idon babu, sai laluben."

Ta sa farce ta ɓamɓaro ɗaya, zaren alharini ya biyo shi. Ta buɗe tafin Hamdiya ta ajiye mata. Ta laluba ta ciro wani.

"Riƙe. Da saura."

Hamdiya ta bar hannunta a buɗe. Tsohuwar ta ci gaba da cirewa ɗaya bayan ɗaya tana zuba mata, har aka kira la'asar.